Waƙa Ba Amshi a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. In na shiga kasuwa sayen kuka sai a tare ni, in na je barkar haihuwa sai a ja ni ɗaki, har mai kabu-kabun da ke kai ni gidan samari, zauren da muke wasa, sai ya rage gudu ya waiwayo ya ce, "Habsu, wai da gaske kin ga teku?" Na gani, ruwa ne mai yawa. Na gaji da ba da labarin nan gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya ma na ji wai na yi wasa a gaban shugabanni har an ba ni mota. Da muryar nan nake ci, ba zan ƙarar da ita wajen gyara ƙaryar mutane ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata teyatur, wato wasan kwaikwayo irin namu da ake haɗawa da waƙa da rawa. Tun ina budurwa nake cikin ƙungiyarmu ta nan Matameye. Mun yi wasa a Kance, mun yi a Ɗan Barto, mun yi a ƙauyukan da sai dai amalanke ta kai mu. Na fito a malamar asibiti, na fito a mahaukaciya, na fito a mai fura, yanzu kuma shekaru sun tura ni gurbin uwa, nan nake zaune daram. Yawancin aikin da ke ciyar da mu na wayar da kai ne: yau gidan sauro, gobe rigakafi, jibi a sa yara lakwal, wato makarantar boko. Ban raina ba, da shi na yi wa 'ya'yana sutura. Amma duk ɗan wasa ya san bambancin a kira ka don kai da a kira ka don saƙon da za ka ɗauka.

Mu ba mu aiki da takarda. Shugaban ƙungiya ya faɗi labarin, kowa ya san inda za a fara da inda za a ƙare, tsakiyar kuwa Allah ya ba mai rabo sa'a. Illo mai kalangu yana bayana, idonsa a kan kafaɗata. In na ja waƙa ya ja, in na tsaya ya jira ni. Jama'a kuma su ne 'yan amshi. Akwai wata waƙa da na yi da kaina, ta uwar da ɗanta ya tafi cirani bai dawo ba. In na ɗaga na ce, "Ɗan da na goya, ina ka kwana?" sai fili duka ya ɗauka, "Yana tafe, Inna, yana tafe." Ba na koya wa kowa, sau ɗaya suke ji su cafe.

Wannan waƙar ce wani mai shirya wasa ɗan Kwatano, Mushe Kojo, wato Malam Kojo a Faransance, ya ji ina yi a Damagaram. Bayan wata da watanni sai ga wayarsa. Ya ce yana haɗa babban wasa da 'yan wasan ƙasashe daban-daban, labarin wata tashar mota ne, kuma yana so in zo in fito a uwar, da waƙata. A duk shekarun da na yi a wannan aiki, ranar ce aka fara kirana don abin da ya fito daga cikina. Ban yi shawara da kowa ba na ce na yarda.

Ranar tafiya ƙungiyarmu ta mai da tashar Matameye gidan biki. Illo ya zo da kalangunsa yana yi mini kiɗa, mata suna guɗa, direban taksin da zai kai ni Takeita yana ta danna oda yana cewa ko dai ministar ce ba a gaya masa ba. Na shiga ina ɗaga hannu, amma a raina na ce, Habsu, wadda aka raka haka ba ta da hanyar dawowa a sace.

A Takeita na hau kar, babbar bas ɗin da ke tasowa daga Damagaram. Muna isa Tasawa wata dattijuwa mai ƙiba ta shigo da kwanon kilishi, aka nuna mata kujerar kusa da ni. Ta zauna, ta dube ni, ta sake dubawa, sai ta dafe ƙirji.

"Ke ce! Wallahi ke ce! Ke kika ɓoye jikanki a rumbu ranar rigakafi!"

Na ce, "Inna, ai wasa ne."

Ta ce, "Wasa? Yaro ya shanye ƙafa ki ce mini wasa? Ke ko tsoron Allah babu?"

Rabin motar suka juyo suna kallon muguwar tsohuwa. Na rantse, na yi bayani, na ce yaron ɗan maƙwabcinmu ne kuma yanzu haka ƙwallo yake bugawa. Ba ta saki fuska ba sai wajen Maraɗi, kafin mu kai Ƙonni kuwa mun cinye rabin kilishin da za ta kai wa surukinta. Da za ta sauka ta kama hannuna ta ce, "Duk da haka dai ki riƙa karɓar aikin mutanen kirki, ɗiyata."

Daga Doso na sake mota zuwa Gaya. Ni iyakar da na sani ita ce ta Ɗan Barto, inda mutum zai wuce a kan babur ya sayo omo ya dawo kafin tuwo ya nuna. A Gaya kogi ne a tsakani, gadar kuma a rufe take a lokacin, sai dai kwale-kwale. Babban ruwan da na taɓa shiga shi ne tabkin bayan gari da damina, shi ma iyakarsa gwiwa. Aka loda mu da buhunan albasa da babur da rago ɗaya, bakin jirgin ya kusa shan ruwa. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ragon ya ɗora haɓarsa a cinyata, ni kuma na riƙe ƙahonsa, a haka muka ƙetare ba wanda ya yi wa wani gori.

A ɗaya gefen, wajen Malanbil, wani ma'aikaci matashi ya buɗe jakata yana dubawa. Ya wuce zannuwa, ya wuce yaji, sai ya ci karo da ƙullin farin gari a leda. Fuskarsa ta canza. Farar ƙasa ce da toka, da ita nake yin furfura in zan fito a tsohuwa. Faransancina na lakwal ne, ya tsufa amma yana tafiya, sai dai ranar ya ƙi tashi. Da na ga bayani zai kai ni ɗakin tsare masu laifi, sai na ce ya ba ni ruwa kaɗan. Na dama, na shafa a gira da gefen kai, na ja kallabi baya, na ranƙwafa, na sa rawar murya na ce masa, "Jikana, haka za ka bar ni a rana?" Ya yi dariya har ya riƙe tebur, ya kira abokan aikinsa su gani. Wani babbansu da ya fito daga baya bai san abin da ake ciki ba, ya daka musu tsawa don sun bar tsohuwa a tsaye, ya jawo mini kujerarsa da kansa. Na zauna na sa masa albarka, don ba ni da zuciyar da zan kunyata shi.

Daga nan sai doguwar hanya ta Kandi da Paraku, ƙasa tana ƙara kore, iska tana ƙara nauyi, har muka shiga Kwatano jikina yana danƙo kamar an shafa mini zuma. Masu wasan sun tanadi masauki, amma ni na zaɓi zango, unguwar Hausawa, gidan Hajiya Lami, 'yar uwar Illo ta wajen uwa. Atamfa take sayarwa a babbar kasuwa. A can aka haife ta, kakanta ne ya taso daga Kance, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba, amma in tana zancen Kance sai ka rantse jiya ta baro. Gidan cike yake da mata 'yan haya, masu ƙosai da masu kitso, kuma kafin in ajiye jaka kowace ta tambaye ni lafiyar mutanen da ban sani ba.

Abincin farko da aka kawo mini wani farin tuwo ne mai tsami a naɗe cikin ganye, akasa suke ce masa, da miya ja wur. Na sa hannu sai ga wani abu mai ƙafafu ya leƙo. Na yi salati na ja baya. Hajiya ta ce, "Ƙaguwa ce, ci abinki, ba ta cizo in ta dahu." Na ci don kunya, daga baya na ci don daɗi, amma har na baro garin ban daina mafarkin furar hatsi ba. Wanki kuwa in ka shanya yau, gobe ka same shi yadda ka bar shi. Mata suna tuƙa babur da goyo a baya ba mai ko kallonsu. Wata rana na ga an kafa rumfuna a titi, an yi anko, ana busa ana rawa ana rabon abinci. Jinin sana'a ya motsa, na tsaya na rangaɗa musu guɗa. Yarinyar gidanmu mai kitso ta ja zanena ta ce, "Yaya Habsu, mutuwa fa aka yi." Wai tsoho ne ya cika da shekaru, haka suke sallamarsa. Su dai sun ji daɗin guɗar, har da miƙo mini lemo.

To, yanzu ga abin da ya kai ni.

Gidan wasan rufaffe ne, bangonsa baƙi, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye magani. An manna tef a ƙasa, nan za ki tsaya, nan za ki juya, in kika gota taki ɗaya fitila ba za ta same ki ba. Gwaji yana da lokacinsa, kuma lokacin ba ya jiran kowa ya gama gaisawa. Mushe Kojo siriri ne, ba ya ɗaga murya, in ransa ya ɓaci ma ƙara ƙasa yake yi da ita. Ya gabatar da ni ga sauran, sannan ya nuna wata yarinya doguwa mai suna Sika ya ce ita ce 'yar ko-ta-kwana tawa. Ta haddace duk abin da zan faɗa da wanda zan rera, Hausar da ba ta ji ko kalma ɗaya, don in na kasa ta shiga. Mu a gida in wani bai da lafiya duk wanda ke kusa ne zai ɗaura zanen. Ban taɓa ganin an ajiye mutum musamman yana jiran faɗuwata ba.

Na tambaya ina makaɗin. Aka nuna mini wani akwati da mutum ɗaya a bayansa. An riga an ɗauki kiɗan, da goge da ganguna da abubuwan da ban san sunansu ba, ya yi daɗi ƙwarai, sai dai ba shi da ido balle ya dubi kafaɗata. Da aka kunna na saurara sai na ji wani abu ya ɓace.

Na ce, "Mushe, ina wurin amshi?"

Ya ce, "Na cire."

Na ce, "Waƙar tawa ce fa. Ba a yin ta ba amshi."

Ya ce, "Na sani, Madam Habsu. A garinku matar nan tana kira, gari duka ya rarrashe ta. A wasan nan tana tsaye a tasha, motoci suna shiga suna fita, tana kira ba mai amsa mata. In aka amsa, wasan ya mutu."

Na ji maganarsa, har ta taɓa ni, amma jikina bai ji ba. A nan na gano abin da ban taɓa sani ba game da kaina: ashe tun da nake ban taɓa rera waƙa daga farko har ƙarshe ni kaɗai ba. Lokacin da jama'a ke amshi, lokacin nake numfashi, in haɗiye yawu, in dubi fili in ga wa zan tsokana. Yanzu an ɗinke baitocin, wannan na bin wannan, sarari ɗan ƙiris ne a tsakani. Kafin in kai tsakiya numfashi ya ƙare, kiɗa ya wuce ya bar ni ina binsa da gudu.

Ranar da aka gayyato wasu baƙi su kalli gwaji, nan na yi ta'asar. Na ɗaga, "Ɗan da na goya, ina ka kwana?" na tsaya. Wallahi ba da niyya ba, bakina ne ya tsaya da kansa. Ɗaki ya yi tsit. Mutane suna zaune cikin duhu sun zuba mini ido, ba tari ba motsi. A Matameye in fili ya yi irin wannan shirun, to ka tattara kayanka, wasa ya lalace. Sai na yi abin da na saba yi in fili ya mutu: na bar tef ɗina, na matso gaba, na riƙe ƙugu na ce musu da Hausa da Faransanci, "Jama'a, ba ku karya ba ne yau?" Mutum biyu suka yi dariya. Kiɗa ya yi gaba abinsa, fitila ta koma inda ya kamata in kasance, mai fitowa a direba ya shigo a kan lokacinsa yana magana da wurin da ba kowa. Mushe Kojo ya ɗaga hannu aka kashe komai.

Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba. Ya kira ni gefe ya ce, da muryar nan tasa da sai ka matso, "Kowa a nan ya dogara da ke ki kasance inda aka ce, a lokacin da aka ce. Zan sake dubawa a gwajin ƙarshe. In bai yiwu ba Sika za ta buɗe wasan, ke kuma mu sa ki a mota cikin mutunci."

Cikin mutunci! Na tuna kalangun Illo a tasha, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka a bayan zemijan, wato kabu-kabunsu, har mai babur ya tambaya ko rasuwa aka yi mini. Amma kafin mu kai zango na gama yanke shawara. Waƙar nan ni na haife ta, ba zan koma gida in bar ta a bakin wadda ba ta san ma me take cewa ba.

Na sa aka tura mini kiɗan a waya, na fara gwadawa da safe a tsakar gidan Hajiya. Kwana bai yi nisa ba matan gidan suka cafe. Ina cewa "ina ka kwana" sai mai ƙosai daga bakin murhu, mai kitso da tsinke a baki, Hajiya daga kan tabarmarta, duk su ɗauka, "Yana tafe, Inna, yana tafe." Ban san ma yadda aka yi suka samo amshin ba, wataƙila ni ce nake sakinsa ban sani ba. Daɗi kamar in yi ta yi har azahar, amma na san guba ce a gare ni. Na durƙusa gaban Hajiya na ce don Allah su daina.

Ta ce, "A gidana a yi kira a ƙi amsawa? Wane irin wasa ne wannan na marasa zumunci?"

Na ce, "Haka aka tsara shi, Hajiya. Ku taimake ni."

Ta taɓe baki ta ce, "To, mun ji. Yi gwajinki."

Wadda ta cece ni kuwa Sika ce, wadda nake harara tun ranar farko. Ita ta same ni ta ce numfashina a ƙirji yake, shi ya sa yake ƙarewa. Ta ɗora tafina a cikinta ta ja iska, na ji ya cika kamar salka. Ta nuna mini yadda ake satar numfashi a ɗan sararin nan ba tare da an ji ba. Sannan ta kai ni matakalar benen gidan wasan ta ce in hau in sauka ina rerawa. Ni da a garinmu abin da na fi hawa shi ne amalanke! Gwiwoyina suka yi ta ƙara, masu shara suna dariya, na ce ku yi, ba ku san daga inda na taso ba. Kullum kafin kowa ya zo ina kan benen nan, in an tashi ina kai.

Ita kuma ta roƙe ni in gyara mata Hausarta, don yadda take rera waƙar ko ɗan da aka goya ba zai gane ana kiransa ba. Na san in na gyara mata, na gyara wa Mushe Kojo hanyar sallamata ke nan. Amma na dubi yarinyar da ta ba ni sirrin aikinta ba ta ɓoye komai ba, na ce zauna. Na fassara mata kalma kalma, na gaya mata mene ne goyo, na ce ta tuna bayan uwarta. Da ta sake rerawa sai da tsigar jikina ta tashi, na ce a raina, Habsu, kin kashe kanki da hannunki.

A gwajin ƙarshe na kai bakin gaɓa da ƙyar, ni da kiɗa muka sauka tare. Mushe Kojo ya ce, "Ranar farko taki ce. Ta biyu sai mun gani. Sika za ta shirya ta tsaya a gefe."

Ranar buɗewa da yamma ɗaki ya cika. Na san Hajiya da matan gida za su zo, don tun safe ake guga ana ɗaurin kallabi, amma hankalina ba ya kansu. Wasa ya tafi daidai har aka zo wurina. Na taka tef ɗina, fitila ta same ni, na hango Sika a gefen labule cikin irin zanena, a shirye. Kiɗa ya taso. Na cika ciki da iska na ɗaga.

"Ɗan da na goya, ina ka kwana?"

Sai daga can cikin duhu, ta hannun hagu, muryoyin mata suka fashe gaba ɗaya: "Yana tafe, Inna, yana tafe!"

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Tun da na baro Matameye abin da nake jin yunwarsa ke nan, ga shi an kawo mini har inda nake, da harshena, a ƙasar mutane. Kafaɗata ta saki. Ƙafata ta fara juyawa wajensu da kanta. Bakina ya shirya ya jira su ƙarasa, kamar yadda ya saba tun ina budurwa. Kiɗa kuwa bai san Hajiya Lami ba, ya riga ya kai bakin baiti na biyu.

Na danne ƙafar nan a kan tef. Na kafa idona a ƙofar tashar da aka zana, na saci numfashina, na shiga baiti na biyu a kansu, suna tsakiyar amshi na bi ta kan muryoyinsu na wuce. Da na sake yin kiran, waɗanda suka amsa sun ragu. A na uku muryar Hajiya ce kaɗai, ta fara, ta kai rabi, ta yi shiru. Daga nan ban sake jin kowa ba. Na ci gaba da kiran ɗan da ba ya zuwa, kuma hawayen da ya zubo mini ba na sana'a ba ne, don na san ni na rufe musu baki. Ni da kiɗa muka sauka tare.

Da aka tashi, ana ta tafi a waje, Mushe Kojo ya same ni a bayan labule.

Ya ce, "Su waye?"

Na ce, "Mutanena ne."

"Kin ji su?"

"Na ji su."

Ya gyaɗa kai, ya juya ya ce, "Sika, je ki cire kayan." Yarinyar nan ta rungume ni har ta kusa kayar da ni.

Hajiya kuwa tana bakin ƙofa da matanta, an sha ado, an sha kunu. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Ta ce, "Mun rufe shago, mun bar ƙosai, mun zo. Muka ga kin yi kira a gaban baƙi, ɗaki ya yi miki shiru kamar ba ki da kowa a duniya. Muka ce ba a gabanmu ba. Muka amsa miki, ko waiwaye ba ki yi ba, Habsu."

Na ce, "Hajiya, ai na roƙe ku."

Ta ce, "Na gwaji kika ce! Wa ya san har ranar taro za a bar ki ke kaɗai?"

Na durƙusa a nan bakin titi, da kayan wasa a jikina, na kama gefen mayafinta. Na ce, "Wallahi na ji ku har cikin ƙashina. Da na juyo, da gobe ina mota. Matar nan ba ta da kowa, Hajiya, aikina ke nan in tsaya a wurinta." Ta ce in tashi kar in tara mata jama'a. Da muka isa gida kuwa ita ta zuba mini abinci da hannunta.

Wasan ya ci gaba har ƙarshen lokacin da aka ɗiba masa, kullum ni ce uwar. Hanyar dawowa ba ta da wani labari, sai dai a kogi ban sami rago ba, na riƙe wata Bazabarma. Masu tambaya ko zan koma, in an kira ni zan koma, kuma na riga na gaya wa Illo ya shirya, akwai waƙar da zan yi a gidan samari da ba zai jira ni ba.

Amma rana ta biyu ta wasan ce ba na mantawa. Ban san Hajiya da matanta za su dawo ba. Sai da na taka tef ɗina, hasken fitila ya ɗan zuba a layin gaba, na gan su a jere, sun matso kusa, Hajiya a tsakiya ta cusa bakin mayafinta tsakanin haƙora. Na ɗaga kiran. Ɗaki ya yi tsit, ko numfashi ba a ji. Ban juya ba, da wutsiyar ido na gani: mayafin ya zame daga bakinta, ita da matan duka leɓɓansu suna motsi, ba sauti. A haka suka raka ni har ƙarshen waƙar.